Baraden Illinois 'Yan Sa-kai: Abubuwa 17 Masu Ban Mamaki Game da Runduna ta 8

Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa sun yi ta kashe juna. Jihohi 11 na Kudu suka ɓalle domin su ci gaba da riƙe bayi, waɗanda yawansu ya kusa miliyan 4 a lokacin, Arewa kuma ta ce ƙasa ba za ta rabu ba. Da yaƙin ya ɓarke, sojan ƙasar gaba ɗaya ba su fi 16,000 ba, dole kowace jiha ta tara 'yan sa-kai, ta raba su runduna-runduna, ta ba kowace lamba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Runduna ta 8 ta sojan doki ta jihar Illinois, wadda manoma da kafintoci da 'yan kasuwa da lauyoyi suka cika. Wanda ya bi tarihinta zai ga babban aikin da ta yi wa ƙasarta shi ne tsare hanya na 'yan sa'o'i a ranakun da sa'a guda ke iya sauya makomar al'umma. Ga kaɗan daga cikin abubuwan mamaki da ke tattare da ita.

1. Ɗan majalisa ne ya tara su

John F. Farnsworth lauya ne, haifaffen Kanada, wanda ya wakilci arewacin Illinois a Majalisar Wakilai daga 1857 zuwa 1861. Bai taɓa jan soja zuwa fagen daga ba. Ya nemo izinin gwamnati, ya yi shela a garuruwa da ƙauyukan da ke kewayen Shikago, ya kafa sansani a garinsu St. Charles, a bakin kogin Fox. Ranar 18 ga Satumba 1861 aka rantsar da mutum sama da 1,100, aka raba su kamfani 12, shi kuma ya zama Kanar. Haka abin yake a wancan zamani: mai faɗa a ji ya tara jama'arsa, a ba shi muƙami. Maƙwabta da 'yan'uwa sukan taru a kamfani ɗaya, shi ya sa duk ranar da kamfani ya sha wuta, gari guda ne ke zaman makoki.

2. Da farko gwamnati ba ta son sojan doki

Babban kwamandan sojan Arewa, Janar Winfield Scott, mai shekara 75, ya ƙi karɓar barade 'yan sa-kai a watannin farko. A ganinsa yaƙin zai ƙare kafin a gama koya wa mahayi da dokinsa aiki, ga tsada, ga kuma dazuzzukan Virginia da ba su da filin sukuwa. Kashin da Arewa ta sha a Bull Run cikin Yulin 1861 shi ya rushe wannan lissafi. Ƙasar da ta shiga yaƙi da rundunonin doki 5 kacal, kafin a gama sai da ta kafa sama da 250.

3. Laƙabin da Lincoln ya yi musu

An ruwaito cewa da Shugaba Abraham Lincoln ya ga wucewarsu a Washinton cikin Oktoban 1861, ya kira su babbar rundunar Farnsworth ta masu neman a kawar da bauta. Laƙabin ya bi su, domin Kanar ɗinsu sananne ne wajen ƙin bauta tun yana majalisa, kuma yankin da suka fito haka ra'ayinsa yake. A lokacin da wasu hafsoshin Arewa ke mayar da bawan da ya gudo ga ubangijinsa, an san sansaninsu da ba da mafaka. Cikin Mayun 1863 suka kai samame yankin da ke tsakanin kogunan Potomac da Rappahannock, suka lalata jiragen 'yan fasa-ƙwauri, suka dawo da dawaki da alfadarai. Bayansu kuwa ɗaruruwan bayi ne, maza da mata da yara, ɗauke da ƙunshin kayansu, suka biyo sawun dawaki zuwa 'yanci.

4. Sun kama limamin coci yana tsakiyar addu'a

Ranar Lahadi 9 ga Fabrairu 1862, a cocin St. Paul da ke birnin Alexandria na jihar Virginia, limamin coci K. J. Stewart ya tsallake addu'ar da aka saba yi wa shugaban Amurka. Sojojin wannan runduna na cikin masu ibada, har da Kyaftin Elon Farnsworth, ɗan ɗan'uwan Kanar. Aka nemi limamin ya karanta addu'ar, ya ƙi, sai aka fito da shi sanye da kayan ibadarsa, mata na kuka, maza na hayaniya. Gwamnan soja na birnin ya sake shi ba da jimawa ba. Bayan haka ofishin jaridar da ta ba da labarin ya ƙone, mutanen gari suka ɗora wa sojoji laifi. Wannan tabo ne a tarihin rundunar. Tilasta wa mutum addu'a da bakin bindiga zalunci ne, ko da mai bindigar yana kan gaskiya a wani al'amarin.

5. Doki ya fi albashin shekara

Ƙaramin soja a Arewa dala 13 yake karɓa a wata. Dokin da yake hawa kuwa, a tsakiyar yaƙin ya kai dala 150, kusan albashinsa na shekara guda ke nan. Abincin da doka ta yanka wa kowane doki a rana shi ne busasshiyar ciyawa kimanin kilo 6 da hatsi kimanin kilo 5. Runduna mai dawaki 1,000 tana bukatar kusan tan 12 kullum, kuma da wuya a samu hakan in ana cikin tafiya. Ga nauyi: mahayi da sirdi da bargo da bindiga da takobi da harsasai da guzuri sukan kai kilo 100. Doki ya wuni da wannan kaya cikin zafi, in an sauke sirdi da dare sai a tarar bayansa ya kumbura, fata ta saɓule, ƙuda na bi. Washegari a sake ɗora sirdin kan gyambon, domin ba a jiran kowa.

An ƙiyasta cewa dawaki da alfadarai sama da miliyan 1 ne suka mutu a wannan yaƙi, akasarinsu saboda yunwa da gajiya da cuta. A 1863 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman don sojan doki, ta gina makekiyar barga a Giesboro kusa da Washinton, wadda aka tsara ta ɗauki dawaki 30,000, inda ake jinyar raunana a kuma horar da sababbi.

A Kudu abin ya fi tsanani. Kowane mahayi da dokinsa yake zuwa, ana biyansa santi 40 a rana kuɗin haya. In an kashe dokin a fagen fama a biya shi, in cuta ko gajiya ta kashe shi kuwa asararsa ce. Ko ya tafi gida ya nemo wani, ko a mayar da shi sojan ƙasa.

6. Shugaban ƙasa ya tambayi abin da ya gajiyar da dawaki

Bayan yaƙin Antietam na Satumban 1862, wanda rundunar ta halarta, Janar George McClellan ya yi makonni bai bi abokan gaba ba. Hujjarsa ita ce dawakinsa sun gaji, ga ciwon kofato da na harshe. Lincoln ya buga masa wayar tangaraho yana tambayar wane aiki dawakin suka yi tun bayan yaƙin da har zai gajiyar da su. Cutar dai gaskiya ce, ta kwantar da dawaki da yawa a wannan kaka. Amma haƙurin Lincoln ya ƙare, cikin Nuwamba ya sauke McClellan.

7. Barade masu yaƙi a ƙasa

Duk wanda ya ji sojan doki, sukuwa da zararren takobi yake hangowa. A zahiri doki ya fi zama abin kai mutum wurin faɗa da sauri. In an iso sai a sauka, cikin kowane mutum 4 ɗaya ya kama linzaman dawakin ya ja su baya, sauran 3 su laɓe bayan shinge ko bishiya da gajerun bindigogi. Waɗannan bindigogi ta baya ake ɗura musu harsashi, mutum na iya yi yana kwance, alhali sojan ƙasa sai ya miƙe ya tura albarushi ta baki da sanda. Shi kuwa takobi, bayanan asibitocin Arewa sun nuna cewa cikin raunuka kusan 250,000 da aka yi jinya, waɗanda takobi da wuƙar bakin bindiga suka yi ba su kai 1,000 ba.

8. Jiya fareti, yau farmaki

Ranar 8 ga Yuni 1863, Janar J. E. B. Stuart, sarkin yaƙin baraden Kudu, ya jera mahaya kusan 10,000 a fili kusa da Brandy Station domin shugabansa, Janar Robert E. Lee, ya duba su. Kwana 3 kafin nan ma an yi irinsa gaban 'yan kallo, da sukuwa da harba igwa, tamkar hawan daba. Yaƙi ɗan zamba ne. Da asubahin ranar 9, cikin hazo, baraden Arewa suka ƙetare kogin Rappahannock suka auka musu, wasu ko sirdi ba su ɗaura ba. Runduna ta 8 na cikin na gaba-gaba a mashigin Beverly. Kwamandan birged ɗinsu, Kanar Benjamin Davis, wanda shi kansa ɗan Kudu ne da ya zaɓi ya tsaya wa Arewa, an harbe shi tun da sanyin safiya. Mutum kusan 20,000 ne suka gwabza har yamma, kuma ba a taɓa yin yaƙin doki mai girmansa a Arewacin Amurka ba. 'Yan Arewa sun janye, amma daga ranar sun san za su iya karawa da mahayan Kudu gaba da gaba.

9. Harbin farko na Gettysburg da bindigar aro aka yi shi

Ranar 30 ga Yuni 1863, Janar John Buford na Arewa ya shiga garin Gettysburg na jihar Pennsylvania da mahaya ƙasa da 3,000, ya baza masu gadi a kan hanyoyin shiga. Wasu 'yan Kamfanin E na Runduna ta 8 suka kwana a kan tudu, kimanin kilomita 5 yamma da gari, a bakin hanyar Chambersburg. Da safiyar 1 ga Yuli suka hango ƙura ta turnuƙe, dogon jerin sojan ƙasa na Kudu na tafe. Laftanar Marcellus Jones ya iso a sukwane. Ba ya ɗauke da bindiga mai cin nisa, sai ya karɓi ta Saje Levi Shafer, ya ɗora bakinta kan katakon shinge, ya auna wani hafsa da ke kan farin doki can nesa, ya ja kunama. Wajen ƙarfe 7:30 ke nan. Babu alamar ya sami kowa. Amma wannan ƙara ita ce mafarin yaƙin kwana 3 da ya bar mutum kusan 50,000 tsakanin matattu da raunana da waɗanda suka ɓace ko aka kama, da gawawwakin dawaki sama da 3,000.

10. Sa'o'in da suka fi zinariya

Waɗanda ke tafe su ne mutanen Janar Henry Heth, kusan 7,500, bayansu kuma ga wasu dubbai. Buford ya san ba zai iya korarsu ba. Abin da ya hango shi ne tuddan da ke kudu da gari: duk wanda ya riga hawa kansu shi ke da rinjaye. Sai ya shirya mutanensa su yi harbi su ja baya kaɗan, su sake tsayawa su yi harbi. Duk lokacin da suka tsaya, dole 'yan Kudu su bar jerin tafiya su baje sahu-sahu, su jawo igwa, kuma hakan na cin lokaci. A haka aka kai wajen ƙarfe 10, sojan ƙasa na Janar John Reynolds suka iso a guje. Reynolds bai daɗe da isowa ba harsashi ya same shi ya faɗi matacce. Da yamma aka fatattaki 'yan Arewa ta cikin gari, amma sun sami hawa tuddan, kuma a kansu ne hare-haren Lee suka karye a rana ta 2 da ta 3. Abin mamakin shi ne, cikin mutum ƙasa da 500 da Runduna ta 8 ta kawo, mutum 1 aka kashe mata a Gettysburg, wato David Diffenbaugh. Kwana 5 bayan haka, wajen bin sawun Lee kusa da Williamsport, aka harbi Manjo William Medill, ƙanin Joseph Medill na jaridar Chicago Tribune, raunin kuma ya zama ajalinsa.

11. Da kuɗin aljihunsu suka kafa shaida

Bayan yaƙi gardama ta kaure kan wanda ya fara harbi. Tsofaffin sojojin Runduna ta 9 ta New York suka ce nasu ne ya riga. Jones bai tsaya cacar baki ba. A 1886 shi da Shafer da wani abokinsu suka sa aka sassaƙa dutse a Naperville da ke jiharsu, suka ɗauko shi tun daga can, tafiyar sama da kilomita 1,000, suka sayi ɗan fili a daidai inda ya tsaya, suka kafa shi. Dutsen na nan har yau a gefen hanya, tsayinsa bai fi na mutum ba.

12. Kyaftin ranar Lahadi, Janar ranar Litinin, gawa ranar Juma'a

Ranar Litinin 29 ga Yuni 1863 aka ɗauki matasan kyaftin guda 3 aka ba su muƙamin Birgediya Janar kai tsaye, suka tsallake Manjo da Laftanar Kanar da Kanar. Su ne George Custer mai shekara 23, da Wesley Merritt, da Elon Farnsworth na Runduna ta 8, mai shekara 25. Ranar Juma'a 3 ga Yuli da yamma, bayan babban harin Lee ya riga ya karye, Janar Judson Kilpatrick ya umarci Farnsworth ya kai hari a kan dawaki cikin duwatsu da shingaye da bishiyoyi, inda sojan ƙasa na Kudu ke laɓe. Farnsworth ya nuna masa cewa wurin ba na doki ba ne, Kilpatrick ya dage. Sai ya shige gaban mahayan Vermont ya ja su da kansa. An tsinci gawarsa da raunin harsashi 5. Kwana 4 ya yi yana Janar, kuma harin bai ƙara wa Arewa ko taƙi ɗaya ba. Taurin kan shugaba ɗaya ya cinye rayukan da ba za a iya mayarwa ba.

13. Yaƙin da aka sha kashi amma ya ceci babban birni

Cikin Yulin 1864, yayin da Janar Ulysses Grant ya kwashe yawancin masu tsaron Washinton zuwa Petersburg, Janar Jubal Early na Kudu ya ƙetaro kogin Potomac da mutum kusan 14,000, ya nufi babban birnin. A hanya ya tilasta wa garin Frederick biyan dala 200,000 ko ya ƙone shi, bashin da garin bai gama biyan bankuna ba sai 1951. Janar Lew Wallace na Arewa ya tattara kimanin 6,000 ya tare shi a kogin Monocacy. Idanunsa da kunnuwansa su ne kamfanoni 5 na Runduna ta 8 ƙarƙashin Laftanar Kanar David Clendenin, waɗanda tun ranar 7 ga wata suke tsokanar Early suna rage masa gudu. Ranar 9 aka gwabza, aka ci Wallace da yaƙi. Ko a wajen janyewa, mutanen Clendenin sun juyo a ƙauyen Urbana suka ƙwace tutar Runduna ta 17 ta baraden Virginia.

Wuni guda Early ya rasa, kuma wunin nan ya isa. Da ya iso ganuwar Fort Stevens da ke tsaron Washinton ranar 11, mutanensa sun galabaita da zafi, jiragen ruwa kuma suna sauke sojojin da Grant ya turo. Lincoln da kansa ya hau ganuwar yana kallo, har aka harbi wani likitan soja da ke tsaye kusa da shi. Saura wata 4 a yi zaɓen shugaban ƙasa. Da Washinton ta faɗi ko na kwana ɗaya, Allah kaɗai Ya san yadda zaɓen da yaƙin za su kaya. Wallace ɗin nan shi ne daga baya ya rubuta littafin Ben-Hur a 1880.

14. Farautar mutumin da ke ɓacewa

Daga ƙarshen 1864 aikin rundunar ya koma bin sawun John S. Mosby, lauyan da ya zama jagoran 'yan sari-ka-noƙe a arewacin Virginia. Mutanensa ba sa zaman sansani. Su kai hari da dare, gari na wayewa kowa ya watse gidajen manoma. Sun ajiye takobi, kowa da ƙananan bindigogi masu ɗaukar harsashi 6. Mosby ne ya taɓa shiga Fairfax cikin Maris 1863 ya tashi wani Janar na Arewa daga barci ya tafi da shi. Rundunoni da dama sun sha wuya a hannunsa, amma a ƙarshen Oktoban 1864, kusa da Upperville, mutanensa suka afka wa 'yan Illinois suka tarar da su a shirye bayan shinge, suka koma da asara. Bayan yaƙi Mosby ya goyi bayan Grant a siyasa, har aka tura shi ƙaramin jakadan Amurka a Hong Kong a 1878.

15. Sun kewaye mutuwar Lincoln ta kowace fuska

Lee ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865. Ranar 14 ɗan wasan kwaikwayo John Wilkes Booth ya harbi Lincoln a gidan wasa. John Farnsworth, wanda ya ajiye kaki tun 1863 ya koma majalisa, yana cikin waɗanda suka shiga ɗakin da shugaban ke kwance kafin ya cika da safiyar 15. Watanni kaɗan kafin nan, ranar 31 ga Janairu, yana cikin 'yan majalisa 119 da suka jefa ƙuri'ar gyaran tsarin mulki na 13, wanda ya haramta bauta. Sojojin tsohuwar rundunarsa aka baza kudancin Maryland neman Booth, ko da yake mahayan New York ne suka cim masa ranar 26 ga wata. Sun kuma yi gadin girmamawa lokacin da aka ajiye gawar shugaban a ginin majalisa. Da aka kafa kotun soja mai hafsoshi 9 don shari'ar waɗanda suka haɗa baki, Clendenin ya zauna a cikinta tare da Wallace, tsohon kwamandansa na Monocacy. Kotun ta yanke wa mutum 4 hukuncin rataya, aka zartar ranar 7 ga Yuli.

16. Inda ƙaddara ta kai kowa

William Gamble, haifaffen Ailan, wanda ya gaji John Farnsworth kuma ya ja birged a Gettysburg, ya tsira daga harbin ƙirji a 1862, sai kwalara ta kashe shi a Nikaragwa cikin Disamban 1866, yana kan hanyar zuwa sabon wurin aiki a Kalifoniya. Buford kuwa zazzaɓin taifot ne ya ɗauke shi wata 5 bayan Gettysburg.

Manjo John Beveridge, wanda ya jagoranci rundunar a ranar harbin farko, ya zama gwamnan Illinois daga 1873 zuwa 1877. Ya rasu a 1910 a Hollywood, lokacin ƙaramin gari ne mai gonakin lemo. Surukarsa, matar ɗansa, Daeida Wilcox, ita ce ta raɗa wa garin wannan suna.

George Forsyth, ɗaya daga cikin hafsoshin rundunar, ya ci gaba da aikin soja. A Satumban 1868, shi da mutum 50, mayaƙan ƙabilar Cheyenne da ƙawayensu, masu kare ƙasar kakanninsu, suka rutsa su a wani tsibirin yashi a Colorado har kwana 9, suna cin naman matattun dawakinsu. Waɗanda suka fara zuwa ceto su ne baƙaƙen fata na Runduna ta 10, da yawansu tsofaffin bayi. Abin takaici ne a ce takobin da ya taimaka wajen 'yanta wata al'umma shi aka juya kan wata.

Jones mai harbin farko ya koma garin Wheaton, ya riƙe muƙamin shugaban tsaro na gundumar DuPage, ya kuma yi shugabancin gidan waya.

17. Cuta ta fi harsashi kisa

Aka sallami rundunar ranar 17 ga Yuli 1865. Lissafin hukuma ya nuna ta rasa mutum 250. Cikinsu 75 ne suka mutu a fagen daga ko sanadiyyar rauni, wato hafsoshi 7 da ƙananan sojoji 68. Sauran 175 cuta ce ta kashe su. Haka yake a yaƙin baki ɗaya: cikin mutum aƙalla 620,000 da suka mutu, kusan kashi 2 cikin 3 ba makami ya taɓa su ba. Atini da taifot da ciwon huhu da ƙyanda suka yi ta ɗibarsu. Samarin ƙauye da ba su taɓa zama cikin cunkoso ba aka tara su dubbai a tantuna, rijiya kusa da shadda, kashin dawaki ko'ina, a zamanin da likitoci ba su gane cewa ƙwayoyin cuta ke yaɗa ta ba. Lokacin sanyi na farko da suka yi a kewayen Alexandria, cikin taɓo da ruwan sama, ya kwantar da su da yawa tun ba su ga yaƙi na sosai ba.

Ba mamaki da ya zama likitan rundunar ne, Abner Hard, ya rubuta tarihinta, aka buga a 1868, shekara 3 kacal bayan sallama, tun shaidu na raye suna iya gyara masa kuskure. Shi ya ga waɗanda suka cika a kan tabarmar asibiti ba tare da an buga musu ganga ba. Mutum 175 ɗin nan sun bar gonakinsu da iyalansu saboda dalili ɗaya da na mutum 75, kuma iyayensu kuka ɗaya suka yi. Duk al'ummar da ta tura 'ya'yanta yaƙi, haƙƙi ne a kanta ta rubuta sunayensu duka tun da sauran masu tunawa, ta kuma lissafa abin da ruwa marar tsabta da sakacin shugabanni suka ci, kamar yadda take lissafa abin da abokan gaba suka ci.